Ɗan daudu a labaranmu: daga dariya sai kora

Ɗiyar ƙanwata da ke unguwar Zariya ta kwana biyu tana fushi da wata marubuciya da ba ta taɓa gani ba. Laifinta shi ne, a littafin da take sakowa shafi-shafi a WhatsApp, ta aurar da jarumar ga ɗan Alhaji, alhali masu karatu sun riga sun ba direban gidan. "Kawu, wallahi ta cuce mu, tun shafi na goma muka ɗaura musu aure," in ji ta. Har sadaki sun yanka.

Wannan haɗin aure na masu karatu ba namu ba ne mu kaɗai. Tun shekarun 1970 masu kallon shirin talabijin na Star Trek a Amurka, akasarinsu mata, ke rubuta nasu labaran suna haɗa Kirk da Spock, maza biyun da shirin bai taɓa cewa masoya ba ne. Yau a can har manyan kamfanonin fim sun shiga nuna irin wannan soyayya, kuma a 2022 Saudiyya da Daular Larabawa suka hana nuna fim ɗin Lightyear saboda wurin da mata biyu suka sumbaci juna. Da irin wannan labari ya iso majalisar shayi a Maraɗi, sai kowa ya ce ga abin da Turawa ke turo mana ta waya.

To, amma ɗan daudu ba a jirgi ya zo ba. Sunan ma daga bori ya fito, daga Daudu Ɗan Galadima, ɗaya daga cikin iskokin bori, kuma garinmu Maraɗi da mai sarautar Iya ke riƙe da ƴan bori tun zamanin kakanni bai kamata ya yi kamar bai san zancen ba. Kuma daudu daban, luwaɗi daban, ko da yake bakin mutane ya saba gwama su. Da yawa cikinsu na da mata da ƴaƴa.

Lokacin da nake yawan bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, akwai wani da nake cin tuwonsa a tasha. Zani a ƙugu, ludayi a hannu, bakin nan kamar reza, ba direban da ke kai masa wargi ya tsira. Sai da ya rasu na ji a wurin zaman makoki cewa shi ke ciyar da marayun yayarsa huɗu, kuma bashin tuwon da yake bin ƴan kamasho ba wanda ya san iyakarsa. Ban taɓa ganin wannan mutum a fim ɗin Hausa ba. Wanda nake gani shi ne mai shigowa yana tafa hannu yana karairaya, ya yi habaici biyu, a bi shi da sanda, mu yi dariya. Ba shi da uwa, ba ya ciwo, ba ya kai goshinsa ƙasa. A 2024 kuma hukumar tace finafinai ta Kano ta hana nuna daudu a fim gaba ɗaya, kuma da yake abin da Kano ta dafa shi muke ci a nan, mu ma an rufe mana.

Ba ina neman a ɗaura wa maza aure a fim ba ne. Malamai sun faɗi hukunci, ba ni zan sake shi ba. Amma marubutanmu na ba ɓarawo da boka da mace mai zaman kanta tarihi da dalili da hawaye, ba wanda ya ce sun halatta sata ko tsafi. Me ya sa a kan wannan mutum kaɗai alƙalami ke bushewa?

Abin da ke damuna ya wuce adabi. A Nuwamban 2000, da aka tashi bore kan bikin nuna tufafi na FIMA da ake yi can wajen Yamai, a nan Maraɗi mashaya da gidajen mata masu zaman kansu aka afka wa, mutanen da ba su ɗinka ko riga ɗaya a bikin ba. Wanda aka saba yi wa dariya ko tsaki, ranar fushi shi ke kusa da hannu.

Na ba ɗiyar tawa labarin mai tuwon nan, na ce ta kai wa marubuciyarsu. Ta ce, "Kawu, in ta saka shi, rabin rukunin za su fita." Sai ta yi shiru, can ta tambaye ni ina marayun suke yanzu.