Jakar aro

Abokin ɗakina ne ya ja ni Chamrousse, dutsen nan na kusa da birnin Grenoble a Faransa, inda aka yi tseren ƙanƙara na Olamfik a 1968. Kun dai san shi, in ya ce a je, an je. Wai yau gefe za mu ratse, inda ba a share ba. Ni da ko a shararriyar hanya da mazaunai nake saukowa.

Ya aro mini wata jakar goyo mai nauyi, ciki da shebur da sanda mai naɗewa ta laluben wanda ƙanƙara ta binne. Yana ta bayani, ni kuwa hankalina na kan inda zan cusa kilishina.

Muna cikin akwatin nan da waya ke ja zuwa ƙoli, a matse kamar motar kasuwa, sai ƙishi ya taso mini. Na ga wani mariƙi a kafaɗata, na ce ai tiyon ruwa ne. Na ja, bai zo ba. Na ƙara ƙarfi.

Fuuu! Cikin daƙiƙa uku wata jar balan-balan ta kumbura a bayana, lita 150 in ji mai ita. Ta danne mini ƙeya, ta manna wani dogon Bature da gilashi, hularsa ta koma kan hanci. Ashe ta ranar zaftarewar ƙanƙara ce, tana ƙara maka girma don ka taso sama, kamar yadda manyan gyaɗa ke tasowa in an girgiza faifai. Na kasa waiwaye, na kasa zama. Na ce "pardon" ya fi sau goma, bango kawai nake ba haƙuri.

Baturen bai dame ni ba, shi ya yi shiru abinsa. Wata tsohuwa ce mai koren tabarau. Dariya har da riƙe ciki, ta huta, ta kalle ni, ta sake. Da muka sauka ta tsaya ta jira in fito, don ƙofar sai a karkace na wuce ta. Haba baba, sa'ar kakata fa!

Abokin nawa cewa kawai ya yi, "Malam, ba na ce kar ka taɓa ba?"

Ni zan biya kuɗin sabuwar tukunyar gas ɗin da ke hura balan-balan ɗin. Kilishin ma a mota na manta shi.