A kwashe mana tsohuwar taransfomar nan, man cikinta guba ne

Wahalar wuta a ƙasar nan ba ta tsaya ga duhu da kuɗin da ake yanka mana babu mita ba. Akwai wata da ba a cika zancenta ba, kuma ita ke ci mini rai: yadda ake wulaƙantar da taransfoma idan ta ƙone, da man da ke cikinta. A dokar duniya irin wannan mai na iya zama shara mai guba wadda ba a yarda a ajiye ta ko'ina ba. A unguwanninmu kuwa gefen hanya ne ma'ajiyarta.

Tamu ta ƙone, muka yi karo-karo gida-gida kamar yadda aka saba tilasta mana, aka kawo wata. Tsohuwar aka sauke aka yasar da ita a kan ƙasa tsura, ba rufi, ba shinge, ba ko takardar gargaɗi. Tun daga lokacin mai ke tsiyaya daga gindinta. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, ciyawa ta daina fitowa. Da damina ta sauka, ruwa ya riƙa kwasar man yana zubawa a lambatu, lambatun kuma ya ratsa bayan gidaje masu rijiya kafin ya faɗa kududdufin da awakinmu ke sha. Yara na hawa kanta suna wasa, su dawo gida da maiƙo a tafin hannu su sa a kwanon tuwo. Mai unguwa ya kai kuka ofishin kamfanin wuta, mu ma mun je, amsar ɗaya ce: ana jiran umarni daga sama, babu motar ɗauka. To amma ranar yankan wuta ba mu taɓa ganin an rasa mota da tsani ba. Wannan rainin hankali ne, kuma wasa ne da lafiyar 'ya'yanmu.

Ga dalilin da ya sa nake ɗaga murya. Tun wajen 1929 masana'antu suka fara haɗa wani sinadari da ake kira PCB, aka riƙa zuba shi a taransfoma da kafasito (na'urar da ke riƙe cajin lantarki) saboda yana jure zafi kuma ba ya saurin kama wuta. Wannan juriyar tasa ita ce masifar. Ba ya ruɓewa. Idan ya shiga ƙasa ko ruwa sai ya yi shekaru aru-aru, ya shiga jikin kifi da dabba, ya taru a kitse, ya iso jikin mutum, har ya bi nonon uwa zuwa ga jariri. A 1968 ya gurɓata man girki a ƙasar Japan, mutane da yawa suka kamu da munanan ƙuraje, fatarsu ta yi duhu, aka haifi jarirai da tabon cutar. Haka ta sake faruwa a Taiwan a 1979, shekarar da Amurka ta haramta ƙera shi. A 2013 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji ga ɗan Adam.

Ba kowace taransfoma ce ke ɗauke da shi ba, gaskiya ne. Sababbi yawanci da man da aka tace daga ɗanyen mai ake cika su. Sai dai tsofaffin da aka gada tun zamanin NEPA suna nan birjik, kuma wurin gyara da famfo ɗaya da duro ɗaya ake juye man wannan a ƙara wa waccan, har mai tsabta ma ya gurɓace. Ido ba ya bambancewa, hanci ba ya bambancewa. Gwaji kaɗai ke faɗa, kuma ma'aunin sananne ne: da zarar sinadarin ya wuce kashi 50 cikin miliyan, man ya zama abin da za a killace. Wa ya gwada tamu? Babu. Wanda bai gwada ba ba shi da bakin ce mana mu kwantar da hankalinmu.

Kuma ƙa'idar ajiyar ba wani abu ne da ya fi ƙarfin kamfani mai karɓar miliyoyi duk wata ba. Dubi yadda dokar Amurka ta zayyana ta. Ɗaki mai rufi da bango don kada ruwan sama ya taɓa kayan. Daɓen da mai ba ya ratsawa, babu tsaga, babu magudanar da za ta fitar da shi waje. A kewaye daɓen da dakali mai tsayin aƙalla inci 6, yadda ko duro ya fashe man zai tsaya a ciki. Kada a gina ɗakin a inda ambaliya ke kaiwa. Kowane duro da alamarsa da ranar da aka ajiye shi, a riƙa zagayawa duk kwana 30 ana duba ɗiga, kuma kada sharar ta wuce shekara guda ba a kai ta inda za a lalata ta ba. Siminti, kwano, fenti da littafin rajista, iyakar abin ke nan. Lalatawar ce mai tsada, don sai tanderu na musamman mai zafin da ya haura digiri 1,000. Idan aka banka wa man wuta a fili, kamar yadda 'yan jari-bola ke yi don su ciro tagulla, hayaƙin yana fitar da dayoksin, gubar da ta fi ta farkon muni.

Kada wani ya ce wannan dokar Turawa ce. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Stockholm, ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba da ba sa ruɓewa, a 2004, kuma a cikinta an rubuta ƙarara cewa a daina amfani da kayan wuta masu PCB zuwa 2025, a kammala kawar da shararsu ta hanyar da ba ta cutar da muhalli zuwa 2028. Mu ne ma ya kamata mu fi kowa tsoron abin nan. A 1988 aka gano dubban durorin shara mai guba, har da PCB, da aka kwaso daga Italiya aka jibge a garin Koko, wanda yanzu ke jihar Delta. Ƙasa ta ɗauki zafi, aka tilasta mayar da sharar, gwamnatin soja ta kafa doka mai lamba 42 wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai zubar da shara mai cutarwa, aka kuma kafa hukumar kare muhalli ta FEPA. A 2007 aka kafa NESREA don tabbatar da bin dokokin muhalli. Ashe idan baƙo ya zubar mana da guba laifi ne babba, idan na gida ya bar ta tana tsiyaya a ƙofar talaka kuma sai a ce a yi haƙuri? Ban yarda ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne inda man yake ƙarewa. Taransfomar da aka yasar babu mai gadi, dare ɗaya ɓarayi za su tatse ta. Man ya shiga kasuwa a jarkoki, masu walda su saya su zuba a injinsu, wasu su shafa a jiki wai maganin ƙaiƙayi ko ciwon gaɓoɓi. Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya da kanta ta yi gargaɗi cewa ana samun masu gauraya shi da man suya don ya daɗe a kasko bai ƙone ba. Ka tuna ƙosai da awara da dankalin da 'ya'yanmu ke saye a hanyar makaranta. Baiwar Allah mai suyar ma sau da yawa ba ta san me aka sayar mata ba, araha ta gani. Laifin na wanda ya bar gubar a sarari ne.

Don haka kamfanin wuta, kayanku ne, ku zo ku ɗauka. Ku ɗebi man ku kai ɗakin gwaji, ku manna sakamakon a ƙofar mai unguwa kowa ya karanta. Ku kankare ƙasar da ta jiƙe ku zuba a duro ku tafi da ita, kada ku turbuɗe ta da yashi ku ce an gyara. A gwada ruwan rijiyoyin da ke bin lambatun, kuma kuɗin gwajin daga aljihunku, don mu mun riga mun biya na sabuwar taransfoma. Hukumomin muhalli na jiha da na tarayya kuma su shiga yadin kowane kamfani su ƙirga matattun taransfomomin da ke jibge, su nemi a nuna musu ɗakin ajiya da rajistarsa. Kafin nan, iyaye a hana yara zuwa wurin, kada kowa ya taɓa man da hannu, kuma duk wanda ya zo da jarka zai ɗiba a kai shi gaban mai unguwa.