"Yas sa" ɗin da ya cinye mana kuɗin tumatir

Ƙanena direba ne, yana ɗauko tumatir daga Kadawa ta jihar Kano ya sauke a kasuwar Mile 12 da ke Legas. Makon jiya aka tare shi a wata mahaɗa, wai ya bi hannun da ba nasa ba. Ko allo ɗaya bai gani ba. Aka miƙa masa takarda da Turanci, aka ja motar, washegari sai ga shi gaban kotun tafi-da-gidanka.

Na je da kaina, don haka ba labari aka ba ni ba. Rumfa ce da teburi, mutane sun yi layi a rana. Mai karanta tuhuma yana zuba Turanci kamar ana korar sa. Da ya kai ƙarshe ya ɗago kai ya dubi yaron. Shi kuma, da tarbiyyar gida, babba ya yi magana, sai ya rusuna ya ce "yas sa". Shi ke nan, aka rubuta ya amsa laifi! Duka-duka ba a yi minti uku ba. Ya waiwayo yana tambayata, "Yaya, me suka ce?"

Wannan ai zalunci ne da rana tsaka. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma a sanar da shi laifinsa da harshen da yake ji, in kuma bai fahimci harshen da ake shari'ar da shi ba, a samo masa tafinta kyauta. Kyauta fa! To ina tafintan? A Legas ɗin da ko ta ina ka juya, Agege ko Idi Araba, Hausa kake ji? Na ɗaga hannu zan fassara, wani mai kaki ya daka mini tsawa in koma baya.

Lauya kuwa, dokar ta ce kana da damar ɗaukar wanda kake so, amma aljihunka ne zai biya. Akwai masu baƙar kwat da ke shawagi a bakin rumfar, kuɗin da ɗaya ya yanka mana ya kusa kamo tarar kanta. Shi ma ba ya jin Hausa, ko ɗan tsayawa ya ji yadda abin ya faru bai yi ba, shawararsa kawai a biya a huta.

Abin da ya sa muka yi shiru, dokar zirga-zirgar Legas ta 2018 ta ba da damar ƙwace motar wanda ya bi hannun da ba nasa ba, kuma an taɓa yin gwanjon irin waɗannan motoci a bainar jama'a. Wa zai yi jayayya mota tana hannunsu?

Muka biya tara, muka biya kuɗin jan mota, muka biya na kwanan da ta yi. Da muka buɗe tamfol, ruwa ne ke ɗiga daga ƙasan kwanduna, ƙudaje sun yi baƙi. Mai kaya yana Kano yana ta kira tun asuba, har yanzu ban ɗaga ba.