Ma'aikacin lafiyar da ba ya riƙe allura

Jama'a, akwai wani ma'aikacin lafiya da ba kasafai ake ambatonsa ba: mai kula da laburaren likitanci. Da yawa sun ɗauka aikinsa jera littattafai ne da hana surutu. Alhali shi ne wanda likita zai ce wa ya nemo masa abin da bincike ya nuna kan wani magani ga mai juna biyu, shi kuma ya shiga PubMed, wato rumbun maƙalolin binciken likitanci da ke intanet, ya tankaɗe dubban maƙaloli, ya fito da 'yan ƙalilan da za a iya dogara da su.

PubMed ɗin nan tun 1997 Babban Laburaren Likitanci na Amurka ya buɗe shi kyauta ga kowa. Amma ka gwada. Ka rubuta sunan ciwon da ke damun mahaifiyarka, ka samu maƙalar, ka karanta taƙaitawarta, kana danna cikakkiyar sau da yawa sai a ce biya kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo shirin HINARI a 2002 don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su samu karanta irin waɗannan maƙaloli kyauta ko da rahusa, sai dai ta ƙofar jami'a ko asibiti ake shiga. Majinyaci yana waje.

Ni dai a ganina mai ciwo yana da haƙƙin karanta abin da aka sani game da ciwonsa. Masu cewa zai tsorata, to jikin wa ne?

Amma buɗe ƙofa kawai ba ta isa ba. A 1998 mujallar Lancet ta buga binciken Andrew Wakefield kan yara 12, wanda ya alaƙanta rigakafin ƙyanda da lalurar galahanga (autism). Sai a 2010 aka janye shi, kuma har yau ana yawo da zancen a WhatsApp kamar sabo. Wanda ya san aikin, abin da zai fara dubawa ke nan: an janye maƙalar? Mutum nawa aka gwada? Wa ya ɗauki nauyin binciken?

Ga kuma amana, wadda ta fi burge ni. Wata ta zo wurin mai kula da laburaren tana rage murya tana tambaya kan cuta mai karya garkuwar jiki. Ba zai tambaye ta wa ke da ita ba, ba zai kai labarin wurin hira ba, kuma ba zai mai da kansa likita ya ce ta sha kaza ba. Zai nemo mata bayani da harshen da za ta gane, ya ja layi a inda ya kamata ta tambayi likitanta, ya miƙa mata takardar a ninke.