Lissafin annoba ba zai yi mana amfani ba muddin ba ma ƙirga mamatanmu

Da an ambaci hasashen da masana ke yi kan annoba, sai ka ji wani ya ce, "Ai haka suka ce lokacin korona, wai gawa za ta cika titunan Afirka, ga mu nan da ranmu." Na fahimci wannan fushin, amma an ɗora laifin inda ba nan yake ba, kuma abin yana ci mini rai domin rayukan 'ya'yanmu ne a ciki.

Aikin masu wannan lissafi ba duba ba ne. Tun 1927 wasu masana biyu a Birtaniya, Kermack da McKendrick, suka kasa jama'a gida uku: waɗanda ba su kamu ba, waɗanda suka kamu suna yaɗawa, da waɗanda suka warke ko suka rasu. Babbar tambayar ita ce, mai cuta ɗaya mutum nawa yake sa wa? In ya haura ɗaya, cutar za ta bazu; in ya gaza ɗaya, za ta lafa. Kwamfuta ta zo ta sauƙaƙa aikin, amma abin da aka zuba mata shi take dafawa.

A Satumban 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce in ba a ɗauki mataki ba, masu Ebola a Laberiya da Saliyo za su iya kai miliyan 1.4 kafin ƙarshen Janairun 2015. Da annobar ta ƙare, waɗanda aka ƙirga a Afirka ta Yamma kusan 28,600 ne, mamata kuma sama da 11,000. Mutane suka ce lissafi ya sha ƙasa. Sun manta da sharaɗin "in ba a ɗauki mataki ba", alhali kuwa an ɗauka, an buɗe cibiyoyin jinya, an sauya yadda ake binne gawa. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: sai da masu lissafin suka ninka adadin da ke hannunsu sau biyu da rabi, domin sun san yawancin masu cutar ba sa shiga takarda.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a ƙasarmu aka yi ɗaya daga cikin ayyukan da duniya ke tinƙaho da su a wannan fanni, amma 'yan kaɗan ne a cikinmu suka san da shi. Ina nufin aikin Garki, a jihar Jigawa ta yau, lokacin tana cikin jihar Kano. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka zauna a ƙauyukan yankin, irin su Sugungum da Rafin Marke, suna bin diddigin zazzaɓin cizon sauro. Duk bayan mako 10 ana bin mutane gida-gida, a tsaga yatsa a ɗiga jini a kan gilashi a duba. Da dare ma'aikata na zaune da ƙafafu a buɗe suna kama sauron da ya sauka ya cije su. Da safe a shimfiɗa farin ƙyalle a ɗaki, a fesa magani, a tsince sauron da ya zubo ɗaya bayan ɗaya, a ƙirga, a feɗe shi a ga ko yana ɗauke da ƙwayar cutar. Haihuwa da mutuwa duk ana rubutawa.

Kafin nan, shirin kawar da maleriya na duniya da aka fara a 1955 ya dogara ne da lissafin da ke cewa in aka fesa magani a bangon ɗaki, sauro zai mutu kafin ƙwayar cutar ta nuna a cikinsa. A Garki an yi feshin yadda ya kamata, a wasu ƙauyukan har da raba wa kowa magani. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina sai ta dawo. Ƙirgen sauron nan ne ya tona dalili: wani kaso nasa yana cizo ya fice waje ya huta, bai taɓa bangon da aka fesa ba. Tsohon lissafin ya ɗauka duk sauro halinsu ɗaya. Daga wannan aiki masana uku, Dietz da Molineaux da Thomas, suka fitar da sabon lissafi a 1974, wanda ya sa garkuwar jikin mutane a ciki, kuma har gobe masana na komawa ga alƙaluman Garki in za su gwada nasu. Jinin manoman Garki ne ya gyara wa duniya lissafi.

To ku kwatanta da Kano a Afrilun 2020. Dattawa na ta rasuwa, unguwa-unguwa ana zaman makoki, amma ba hukumar da ke da adadi. Masu haƙa kabari ne suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Daga baya aka bi iyalai ana tambayarsu yadda mamacin ya yi jinya, har ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya sanar cewa an ƙirga mamata 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da korona. Amma a ce mace-macen sun ƙaru, sun ƙaru a kan nawa? Mutum nawa ke rasuwa a Kano a Afrilun da babu annoba? Babu rajistar da za ta amsa. Rabon ƙasar nan da ƙidayar jama'a ma tun 2006.

Wani zai ce addini ya umarce mu da gaggauta binne mamaci, ba lokacin cike takarda. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce a jinkirta jana'iza. Rubuta suna, shekaru, unguwa da abin da mamacin ya yi fama da shi ba zai ci minti biyar ba, ana iya yi a ƙofar makabarta bayan an rufe. Muna da mai unguwa, muna da dagaci, muna da limamin da ya sallaci gawar, muna da kwamitocin makabarta, kuma kowannensu da waya a aljihu. Abin da nake roƙon gwamnoninmu da masarautunmu shi ne a sa littafi a kowace makabarta, a biya mai rubutawa albashi, a riƙa tura adadin ga ma'aikatar lafiya da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa duk mako, sannan a buɗe alƙaluman ga ɗaliban lissafi da na likitanci a Bayero da Ahmadu Bello da Danfodiyo. Sanƙarau na zuwa da zafin bazara, kwalara da maleriya na zuwa da damina, kuma makabartar da ta binne yara uku a makon jiya ta binne goma a wannan makon ya kamata labarinta ya isa ofishin lafiya kafin Juma'a.