Matanel ba ɗakin ajiya ba ce

Ranar Talatar nan, wajen ƙarfe uku, na biyo ta gaban wata matanel, wato makarantar ƙananan yara, a nan Garwa ta Kamaru. An tashi yara tun da daɗewa. Sai ga malama ita kaɗai a gindin darbejiya, yaro ɗan shekara huɗu a cinyarta, ya yi kuka har barci ya kwashe shi, gorarsa ba ko ɗigon ruwa. Kun dai san Garwa a watan Afrilu, zafi har ya haura digiri 40. Muna cikin gaisawa sai ga uban a kan moto, wato babur. Ko sannu babu. "Madam, ai aikinku ne," ya ɗora yaron a kan tanki kamar buhun masara, ya yi gaba.

'Yan'uwana iyayen zamani, mu ji tsoron Allah. Mun mai da makarantar yara wurin ajiye kaya. A jefa yaro da safe bai karya ba, a ɗauko shi in an tuna. Wata ma turo shi take yi da zazzaɓi don kada ya hana ta zuwa biki. Wani tun da ya biya kuɗi a watan Satumba bai sake leƙo ajin ba, ko sunan malamar bai sani ba, amma tambaye shi 'yan wasan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport, sai ya jero maka su har da na benci.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin yaro ya shiga firamare a shekara 6, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin ɗari na girmanta. Ga namu yaran da kaya a ka: Hausa a gida, Fillanci a layi, Faransanci a aji. Malaman nan kullum kuka suke a rage cunkoso, a samar da ruwa da ban-ɗaki, a riƙa hira da yaro a gida. In aka kira taron iyaye kuwa, sai kujeru. Kuɗin anko da shayin majalisa ba sa gagara, na alli ne ke da nauyi.

In ya dawo gida ma wata ajiyar ce, a miƙa masa waya ya yi shiru. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana yana kallo. Namu har batir ya mutu.

Da can ɗa na kowa ne. Maƙwabciya ta gan ka a rana, ta ja ka zaure ta dama maka kunu, sannan ta je ta wanke uwarka tas. Bayan isha kaka ta shimfiɗa tabarma, "ga ta nan ga ta nanku", mu amsa baki ɗaya. Yau kakar tana ƙauye, maƙwabciyar ta sa ƙyauren ƙarfe.

Malamar nan, da na tambaye ta, ashe nata jaririn na gida tun safe bai sha nono ba.