Karenka bai ɓata ba, kai ka buɗe masa ƙofa

Duk shekara idan Disamba ta kama, sai cigiyar karnuka ta yawaita a zaurukan WhatsApp na unguwanni, musamman wajen Samaru, Palladan, Hanwa da Sabon Gari a nan Zariya. A ɗora hoto dishi-dishi, wani lokaci ma na kwikwiyo alhali karen ya daɗe da girma, a rubuta cewa duk wanda ya gani ya taimaka, akwai tukuici. Daga nan sai a shiga tsine wa ɓarayi. Ina taya mai kare jimami, amma ban cika shiga layin masu tsinuwa ba. A abin da na gani a garin nan, yawancin karnukan da ake cigiya ba daga cikin gida aka sato su ba. Da ƙafarsu suka fita, kuma da sanin mai gida.

Ku dubi yadda muke riƙon kare. Da rana a ɗaure shi a gindin mangwaro ko bayan banɗaki da sarƙar da ba ta fi kamu uku ba, ya yi ta zagaye har ƙasar wurin ta yi sumul, ko tsiron ciyawa babu. Kwanonsa na gefe, ƙanzon tuwon jiya ya bushe a ciki, ruwan sha kuwa sai in yaro ya tuna. Ana idar da sallar isha'i sai a kwance shi, wai ya yi gadi. To dabbar da ta wuni a ɗaure cikin yunwa, me kake zaton za ta fara nema in ta samu sakewa? Gadin dukiyarka ne a ranta? Bola za ta nufa, ko bayan tukubar mai tsire, ko mahauta. Yau ya je ya dawo kafin asuba, gobe ma haka, sai mai gida ya riƙa bugun ƙirji yana cewa ai karensa ya san gida. Ya san gida kam, amma tirelar da ta taso daga Kwangila da tsakar dare ba ruwanta da wannan sanin. Wanda duk yake bin titin Samaru zuwa Shika da sassafe ya sha ganin abin da nake nufi a gefen kwalta.

Malamanmu sun ce an halatta riƙon kare don gadi, farauta da kiwo. Mun riƙe halaccin da hannu biyu, haƙƙin kuma mun yar. Muna sane da hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Muna sane da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ba sai ka rungume shi ko ka shigar da shi ɗaki ba, wannan ba al'adarmu ba ce kuma ba ita nake kira a yi ba. Amma cikinsa da ruwansa da inuwarsa suna wuyanka tun ranar da ka ɗaure shi.

Bayan yunwa sai barbara, kuma a nan ne karnuka maza suka fi salwanta. Karya takan shiga lokacin neman namiji kusan sau biyu a shekara, kowane karo kuma ya ɗauki mako biyu zuwa uku. Ƙanshinta yana tafiya nesa a iska, hancin kare kuwa ba irin namu ba ne. Karen da ka sani mai ladabi sai ka ga ya ƙi abinci, yana kuka da dare, yana tona gindin katanga har faratansa su yi jini. In ya samu fita, ba kiran da zai dawo da shi. Zai bi ayarin karnuka shida ko bakwai daga wannan unguwa zuwa waccan, a yi faɗa, a yage masa kunne, wani ya dawo bayan kwanaki a rame, wani kuma shi ke nan.

Maganin wannan sananne ne, dandaƙa. Na san abin da za a ce: wai dandaƙaƙƙen kare ba ya gadi, ya zama rago. Ban yarda ba. Kishin gida da haushin baƙo ba a nan suke ba. Abin da ke raguwa shi ne yawon neman mace da faɗa a kanta. Ni dai na fi son kare mai ƙiba da yake kwance a tsakar gida ƙarfe biyun dare a kan jarumin da ke can Hayin Dogo yana bin karya, ɓarawo kuma yana cire batirin motarka hankali kwance. Sai dai ba irin dandaƙar da ake yi wa bunsuru a bakin kasuwa nake nufi ba. Mu a Zariya Allah ya yi mana gata, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga kuma likitocin dabbobi masu zaman kansu a cikin gari. Allurar barci ake yi masa, a yi aikin cikin tsafta, a ɗinke. Mace ma ana yi mata aikin hana haihuwa. Wanda ke son tasa ta haihu kuwa, to ya kulle ta sosai na makonni ukun nan, domin ita ma fita take nema, ba maza kaɗai ba.

Sai tsoro. Kunnen kare ya fi namu ji, ƙarar da kai kake dariya a kanta shi tashin hankali ce. Nokawut ɗin yara lokacin Kirsimeti da sabuwar shekara, bindigogin gargajiya ranar hawan sallah da hawan daushe, tsawar farkon damina, duk suna sa kare ya tsinke sarƙa ya yanki gudu ba tare da ya san inda ya dosa ba. Wanda ya fita neman abinci yakan bi sawunsa ya dawo, amma wanda tsoro ya kora sai ya farga ya ga kansa a inda bai taɓa zuwa ba. Waɗannan ranaku ba a ɓoye suke ba, kowa ya san zuwansu. Tun la'asar a shigar da shi gareji ko shagon da ke zaure, a ajiye masa ruwa, a rufe.

Gidan kansa ma a duba shi. Rariyar da ruwan wanke-wanke ke fita, wadda damina ta cinye har ta yi faɗi. Ƙasan get da ya bar tazara. Tulin bulo ko yashin gini da aka jibge a jikin katanga, ya zame wa kare matakala. Katangar ƙasa da ruwan Agusta ya zubar da kusurwarta aka toshe da tsohon kwano. Sannan mutane: mai garuwa ya shigo da kura ya bar ƙofa a buɗe, almajiri ya fita da shara, mai gida ya fitar da mota ya ce yaro ya rufe, yaro ya tsaya kallon waya. Wanda ya tashi daga gida zuwa sabuwar unguwa kuma ya sani, karensa bai tashi ba tukuna a ransa. Tsohon gida zai nufa in aka sake shi a makonnin farko.

Ban ce babu sata ba. Akwai, kuma iri biyu ce. Karnukan Turawa masu tsada, irin su Alseshan da Rotwaila, ana sace su don a sayar ko a riƙa samun 'ya'ya da su, kwikwiyo ya fi saurin ɗauka tunda a buhu ma sai ya shiga. Namu na gida kuwa suna da tasu kasuwar. Akwai babbar kasuwar karnuka a Dawaki da ke ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato, inda ake tara karnuka daga sassan Arewa a yi lodinsu zuwa kudu, wajen su Kalaba da Akwa Ibom, inda ake cin naman. Da yawa cikin masu wannan fatauci saye suke yi da kuɗinsu, ban ɗora musu sata ba. Amma duk inda abu yake da farashi, za a samu ɓata-gari da zai kawo wanda bai saya ba. Abin lura shi ne ɓarawon kare ba kasafai yake haura katanga ya tunkari haƙora ba. A waje yake tsintar sa, a bola, da guntun nama da igiya. Kare mai yunwa shi ke bin kowa.

Akwai kuma wanda ba a son faɗa: maƙwabci. Karenka ya cinye masa kaji sau ɗaya, sau biyu, ya kori 'yarsa a hanyar Islamiyya, ya yi maka magana ka ce ai wasa yake. Ran nan sai a cusa shinkafar ɓera a cikin nama a jefar a lungu. Zalunci ne, ban goyi bayansa ba ko kaɗan, har ma yakan kashe kajin wasu da kyanwoyi. Amma da ka tsare dabbarka da ba a kai nan ba.

Abu mafi arha da kusan ba wanda ke yi shi ne abin wuya mai lambar waya. Ɗan ƙarfe ne za ka kai wa masu zana lamba su buga maka, ko ka rubuta da alƙalamin maka a jikin fatar kana sabuntawa. Kada ya matse, yatsu biyu su iya shiga tsakaninsa da wuya, kada kuma ya yi sako-sako har ya zare ta kai. Na ji wasu na maganar 'yar na'urar nan mai girman ƙwayar shinkafa da ake sa wa dabba a ƙarƙashin fata a Turai da Amurka. Tana da amfani, amma ba ta nuna inda kare yake, lamba ce kawai a ciki da sai an kai shi wurin mai injin karantawa. Ɗan acaɓar da zai tsinci karenka a Tudun Wada ba shi da wannan injin, amma yana da waya kuma ya iya karanta lamba.

Abin wuyan nan har rai yake ceta. Kun san halinmu: baƙon kare ya shigo unguwa a guje, harshe a waje, sai wani ya ce mahaukaci ne, yara su bi shi da duwatsu har ya mutu. Ban ga laifin tsoron ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, akasari a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin ɗari ta hanyar kare, kuma yara ne da yawa daga cikinsu. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Shi ya sa karen da ke yawon dare ba matsalar mai shi kaɗai ba ce, ta duk unguwa ce. Allurar rigakafin ana yi wa kare ita tun yana wata 3, a riƙa maimaitawa duk shekara, kuma a ƙasar nan ma ana sarrafa ta a cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom. Katin allurar ka adana shi, ranar gardama a gaban mai unguwa ko 'yan sanda shi ne shaidar cewa karen naka ne. Ka ɗauki hotunansa da rana kuma, gaba da gefe, da duk wani tabo ko farin gashi da ya bambanta shi.

In ƙaddara ta faɗa ya ɓata, kada ka zauna kana cewa yunwa za ta dawo da shi. Awannin farko su ne na nema. Ka fita da asuba da kuma bayan magariba, lokacin da gari ya lafa kuma karen da ya ɓuya yake fitowa. Ka tambayi mutanen dare: masu shayi, masu gadi, 'yan sintiri, 'yan acaɓa, mahauta. Ka je wurin 'yan farauta, su ne suka san karnukan yanki kamar yadda mai unguwa ya san gidaje, kuma in an kawo musu tallan kare su za su fara ji. Ka bar buhun da yake kwanciya a kai da rigar da ka cire ba a wanke ba a bakin ƙofa. In ka hango shi kada ka bi shi da gudu, firgitaccen kare har mai shi yana guje wa. Ka tsuguna, ka kira sunansa a hankali, ka kaɗa kwanonsa.

Wajen cigiya kada ka zayyana duk alamominsa, ka ɓoye guda. Za a kira ka a ce an gan shi a Giwa ko Maƙarfi, ka turo kuɗin mota a kawo maka. Ka ce mai kiran ya faɗi alamar da ka ɓoye, ko ya turo hoto, kafin sisinka ya fita.

Ranar da ya dawo kuwa, don Allah a ajiye dorina. Shi ba ya haɗa dukan da fitar shekaranjiya, da dawowar yanzu yake haɗawa, gobe sai ya ƙi dawowa. A ba shi ruwa da abinci, a duba jikinsa. In akwai sawun cizo, a killace shi nesa da yara, a kira likitan dabbobi ranar, ko da an taɓa yi masa allura. In kuma ya ciji wani ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a wuce asibiti kai tsaye, ba wurin mai tofi ba.